Sikanin ko MRI ga ciwon ƙashin ƙafar mai atisaye

Malam, game da ƙanenka da ke gudun shirin shiga soja har saman ƙafarsa ya kumbura, shawarata ita ce ya fara da sikanin, wato hoton da ake ɗauka da igiyar sauti.

Irin wannan ciwo ya taɓa kama ni a ƙashi na biyu na tafin ƙafa bayan na ƙara nisan gudu a cikin wata guda. Hoton eksire ya fito babu komai, domin siririyar tsagewar da yawan taku ke jawowa ba ta cika bayyana a cikinsa ba sai bayan mako 2 zuwa 3, na koma gida ina ɗingishi. Wata likitar hoto ce ta ɗora na'urar sikanin daidai inda yatsana ya nuna mata, ta nuna mini yadda fatar ƙashin ta yi kauri, ruwa ya taru a gefenta, jini kuma yana yawan gudana a wurin. Ta duba lafiyayyar ƙafar don na ga bambancin da idona, sannan ta hana ni gudu na mako 6. Har yau ina yi mata addu'a. Likitocin soja sun daɗe da sanin ciwon, tun 1855 wani likitan soja mai suna Breithaupt ya bayyana shi a ƙafafun dakarun Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, masu doguwar tafiya.

MRI, wato hoton da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, ya fi gani, ban musa ba, domin yana nuna kumburin ɓargo, alhali sauti ba ya ratsa ƙashi, samansa kawai yake karantawa. Sai dai kuɗin MRI ya ninka na sikanin sau da yawa, kuma ba kowane gari ake samunsa ba. Idan ciwon a kwatangwalo yake ko can cikin tsakiyar ƙafa kusa da idon sawu, ko kuma sikanin ya fito lafiya amma zafin bai lafa ba, to babu makawa sai MRI.

Ka kiyayi masu ɗakunan hoto da ba su saba da komai ba sai awon ciki, su karɓi kuɗi su ce ƙashi lafiya lau. Ka tambaya ko suna da kan na'ura miƙaƙƙe na duba tsoka da ƙashi, domin mai lanƙwasa na duba ciki ne. Masu injin "duba dukkan jiki" na bakin kasuwa kuwa, kada ya kusance su. Kafin a yi hoton ya daina gudu, kuma kada mai ɗori ya murza wurin.