Gyara ko sayarwa: amsa ga mai tsohuwar Honda da bakanike ya yanka wa kuɗi mai yawa

Malam, bari in maimaita tambayarka a taƙaice saboda waɗanda ba su gan ta ba. Motarka Honda Accord ce ƙirar 2005, wadda dillalai ke kira EOD, mai filogi huɗu. Ta fara shan baƙin mai, tana hayaƙi, ta taɓa tafasa a hanyar Zariya, giyarta kuma tana fizga idan za ta canza. Bakanikenka ya ce a sauke inji a ɗora ɗan Beljiyam, wato injin hannu da aka shigo da shi daga waje, a canza giya, a yi aikin ƙafa, jimla naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Dillali kuma ya taya ta miliyan biyu a yadda take. Ka ce bodinta lafiya, takardunta kuma cikakku. Kana so ka sani: ka gyara, ko ka rabu da ita ka yi ciko ka sayi wata?

Da yawa za su ce maka idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin mota, to sayarwa ta fi. Wannan lissafi ya dace da ƙasashen da ladan bakanike ke da tsada, tsofaffin motoci kuma ke da araha. A nan abin a juye yake. Aikin hannu yana da sauƙi, motar ce ta yi nisa. Tun watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wato hanyar Kwatano da muka saba. A 2022 kwastan suka koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi. Sai 2023, aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Kowace mota da ke shigowa da dala ake sayenta, da dala ake biyan jirgi, da farashin dala ake lissafa fito. Don haka ba da darajar motarka za ka auna miliyan da ɗari biyun nan ba. Ka auna shi da cikon da za ka yi kafin ka mallaki motar da za ka iya kwasar iyali da ita ka kama hanya da daddare hankalinka kwance.

Yi lissafin da kanka. Ka sayar miliyan biyu, ka ɗora kuɗin gyaran a kai, ya zama uku da ɗari biyu. Cire la'adar dillali, cire canjin takardu da inshora, wadda ita ma ta koma naira 15,000 daga 5,000 tun Janairun 2023. Shiga wajen masu sayar da motoci da abin da ya rage ka ga me zai saya maka. Ba zai kai ga wadda aka sauke daga jirgi ba. Wadda wani ya hau a nan gida zai ba ka, sa'ar taka ko yayarta, kuma mai ita yana da dalilin rabuwa da ita, irin dalilinka ɗin nan. Taka ka san inda take ciwo. Waccan an wanke mata inji da kalanzir, an zuba mata mai mai kauri don hayaƙin ya lafa, wataƙila ma an mayar da malejinta baya. Sai ka biya, ka yi sati biyu, sannan ta fara gaya maka tarihinta.

Amma kafin a kai ga wannan, ni kuɗin da aka yanka maka ne ban yarda da shi a dunƙule ba. Aiki uku ne aka haɗa maka a baki ɗaya, kuma ban ji inda ka ce an gwada komai ba. Ba zargin bakanikenka nake ba. Yawancinsu sauke inji ya fi musu sauƙi a kan neman ainihin cutar, kuma akwai ɗan abin da ke shiga aljihu a wajen mai kaya, wannan kowa ya sani. Ka nemi a rarraba maka: nawa inji, nawa giya, nawa ƙafa, nawa ladan aiki. Sannan ka kai ta wani gareji daban, kada ka gaya musu abin da na farko ya faɗa. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da kafar da ake jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, taka ma tana da ita. A jona a karanta. A kwance filogi huɗun a auna ƙarfin matsin kowace silinda. Aikin awa ɗaya ne, kuɗinsa bai kai cikin tanki ba.

Kai ma akwai abin da za ka iya gani da idonka. Da sassafe, kafin a tayar da ita, ka sa yaro ya murza makulli kai ka tsaya a bayan salansa. Idan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito sannan ya ɗauke bayan ɗan lokaci, galibi robobin bawul ne suka bushe, kuma wannan aikin kan inji ne kawai. Idan shuɗin bai ɗauke ba, yana ƙaruwa in an taka totur, to ringi ne. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa ko da mota ta yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, gasket ɗin sama ne ya ƙone, kuma tafasar hanyar Zariya ce ta jawo. Zaro sandar gwajin mai ka duba: idan man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya riga ya shiga. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, maganar injekta ce ko na'urar auna iska, ba ruwansa da sauke inji. Ka kuma leƙa ƙasan inda take kwana. Wani shan man ba sha ba ne, yoyo ne daga murfin sama.

To a ce an gwada an tabbatar injin ya taɓu. Nan ma hanya biyu ce, kuma mutane kan manta da ta farko.

Buɗe injin a gyara, wato a sa sabbin ringi da metal da gasket, a kai kan injin wajen masu injin gogewa a daidaita shi idan zafi ya lanƙwasa shi. Wannan ya fi araha, kuma injin da ke motarka, K24 mai lita 2.4, inji ne mai juriya, sarƙa ce ke juya shi ba bel ba. Matsalar ita ce hannu da kaya. Ringin jabu ya cika kasuwa, kwalinsa ya fi na gaske kyau. Kuma ba kowane bakanike ne ke ɗaure kusoshin kan inji da sifana mai awo ba. Wani da ƙarfin damtse yake ɗaurewa har sai ya ji a jikinsa ta isa. Injin da aka haɗa haka wata shida ya yi yawa. Idan ba ka san wanda ya taɓa haɗa irin wannan injin ya kuma yi shekara yana aiki ba, kada ka shiga.

Ɗan Beljiyam ya fi tsada amma ya fi sauri, kwana biyu ko uku an gama, kuma idan aka dace an huta na shekaru. Idan aka dace, na ce. A Kofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, ko Ladipo ta Legas, ba duk injin da aka jera a ƙasa ne ya tsallako teku ba. Akwai wanda aka cire daga motar gida, aka wanke, aka shafa masa ƙura ya yi kama da na kwantena. Ka je da ƙafarka tare da bakaniken, kada ka ba da kuɗi a sayo maka. Buɗe murfin zuba mai ka haska da fitilar waya: ƙarfe mai kalar zuma alama ce mai kyau, baƙin dasƙararren datti kuwa mai shi bai san juye ba. Duba kawunan kusoshi, in sifana ta taɓa cin su za ka gani, haka ma gam da ya ɓullo ta gefen gasket. Ka karɓi rasit mai lambar injin, a rubuta kwanakin gwaji a ciki, don maganar baki ba ta dawo da kuɗi. Wani abu kuma da ke kayar da mutane: injin 2006 da 2007 totur ɗinsa na lantarki ne, na 2003 zuwa 2005 kuwa da waya ake jansa. Idan aka kawo wanda bai dace ba, za a fara yanke-yanken wayoyi, daga nan kuma kai da mai wayarin kun ƙulla zumunci ke nan.

Giya ita ce na fi shakka a cikin lissafin. Accord ta wannan zamani mai filogi shida ce ta yi ƙaurin suna wajen lalacewar giya, har kamfanin ya kira wasu don gyara a 2004. Mai huɗu irin taka ba ta kai ta ba. Giyar Honda ba ta son kowane mai sai nata, da can ATF-Z1, yanzu DW-1, amma a garejinmu jan man da ke kusa shi ake ɗurawa. Sau da yawa a zubar da tsohon man, a zuba na ainihi wajen lita uku, a hau kwana biyu a sake, a wanke solanoyid, sai fizgar ta tafi. Kujerar inji da ta tsage ma tana sa a ji kamar giya ce ke dukan mota. Idan kuwa man ya yi baƙi yana warin ƙuna, mota tana gurnani ba ta tafiya, to nan kam giyar ta gama. Aikin ƙafa, su shokazoba da bushin, ba gaggawa ba ne. A yi abin da ya shafi sitiyari da birki yanzu, saura a bi su wata-wata.

Kada kuma a ɗora sabon inji a kan cutar da ta kashe tsohon. Me ya sa ta tafasa tun farko? Na yi imanin cewa in ka duba za ka tarar an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da sunan wai ƙasarmu da zafi, an haɗa fanka kai tsaye, ana zuba ruwan rijiya a lagireto. Ruwan nan shi ke tsatsa ya toshe hanyoyi. A mayar da tamostat, a wanke lagireto ko a canza, a sa murfinsa sabo, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Ka kuma tsaya a wajen lokacin da ake aikin salansa, saboda abin nan da ake kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, yana da masu saye, kuma ba ya faɗuwa da kansa.

Yanzu ga inda sayarwa ta fi. Inji da giya ana canza su, amma akwai abubuwan da kuɗi ba ya dawo da su. Idan motar ta taɓa haɗari mai ƙarfi har shasi ya karkace, tana cin taya ta gefe ɗaya duk da an yi alaimen, sayar. Idan tsatsa ta ci ƙasanta, ka ɗaga kafet ka ga rami ko ka ɗaga tayar safaya ka ga ruwa, sayar. Idan wayarin ya sha hannu, kowane mai gyara ya bar nasa ƙulli da salatif, yau fitila gobe fanka, wannan ba ya ƙarewa. Idan takardun kwastan ba su cika ba, duk abin da ka zuba mata kana zuba shi ne a kan abin da za a iya karɓewa a shingen hanya. Haka kuma in da ita kake neman abinci, kowace rana a gareji asara ce, lissafinka ya bambanta da na mai zuwa ofis da kai yara makaranta. Sannan in sai ka ci bashi mai ruwa, ko ka sayar da fili, kafin ka yi gyaran, gara ka sayar da ita ka sauko kan ƙarama. Corolla mai lita 1.8 ta fi ta sauƙin mai, kayanta kuma har a ƙaramin gari ana samu.

In ka zaɓi sayarwar, kada ka gyara da niyyar sayarwa. Wanda ya kashe miliyan a inji ba ya ganin miliyan ɗin a farashi. Sayar da ita yadda take, ka faɗi aibinta ɗaya bayan ɗaya, hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu bai ware mota ba. Kuma tayin dillali ba shi ne farashi ba. Kanikawa da kansu sukan fi biya, domin su gyaran ba ya ci musu kuɗi kamar kai.

Da ni ne, ganin ka ce bodinta lafiya kuma takardunta cikakku, ba zan sayar ba. Zan fara da kwamfuta da awon silinda, sannan man giya. In injin gasket ne kawai, a yi kansa a rufe. In ringi ne, ɗan Beljiyam na shekarar da ta dace, da lagireto, da rasit. Giya ta jira sai an ga yadda ta karɓi sabon mai. Turo mana sakamakon awon silinda huɗun da lambobin da kwamfuta ta nuna, sai mu ga wanne daga cikin ayyukan ukun nan ne na dole a wannan watan.