Kafin ka sayi abin feshi da zai zauna a mota

Ranar Juma'a, idan ka je Masallacin Ƙasa da ke Kanda a Accra, ko ɗaya daga cikin masallatan Nima da Mamobi, ka ɗan lura da motocin da aka jera a bakin titi. Inuwa ta masu sammako ce. Sauran suna shan rana tun daga sha biyu da rabi har a sallame, a gaisa, a tsaya sayen kankana. Leƙa ta gilashi ka gani: turaren feshi a kan dashbod, na ƙamshin mota a aljihun ƙofa, ga maganin sauron da aka sayo wa gida yana kwance a kujerar baya tun shekaranjiya.

Tawa motar ma haka take a da, har wani watan Maris da na kai ta wurin fita, watau makanike, a Abossey Okai. Yaron shagon ya kwashe kayan da ke durowar gaba, ya ajiye gwangwanin turarena a kan benci, sai ya ƙi tsayuwa, yana ta tangaɗi. Gindinsa da ya kamata ya lotsa ciki ya turo waje kamar cibiya. Maigidansa ya ɗaga ya duba, ya ce, "Alhaji, da wannan kake yawo da iyali?" Na ce, "Masta, turare ne fa." Ya ce, "Turaren ne, amma abin da ke koro shi waje ɗan'uwan gas ɗin da Hajiya ke girki da shi ne."

Gaskiya ya faɗa. Tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, da aka daina amfani da tsohuwar iskar da ke lalata sararin samaniya, yawancin gwangwanayen feshi da gas mai kama wuta ake cika su. Juya gwangwanin ka karanta, za ka ga an rubuta butane, isobutane ko propane, kusa da hoton harshen wuta a cikin jan zane. A ciki gas ɗin ruwa ne, kuma zafi na ƙaruwa yana ƙara rikiɗa zuwa iska yana tokare bangon. Butane a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas matsinsa wajen bar 2 ne (bar ma'aunin matsi ne), a digiri 50 ya kai wajen 5. Propane kuwa daga bar 8 yake tashi zuwa wajen 17. Don ka kwatanta, tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka. Shi ya sa kusan kowane gwangwani yake ɗauke da gargaɗin kada ya wuce digiri 50. Ba wai yana kai 51 zai tarwatse ba, masu ƙera shi sun bar rata. Amma ratar ta sabon gwangwani ce mai lafiya. Wanda ya sha gwaruwa a ramukan hanya, ko iskar teku ta Accra ta sa masa tsatsa a gindi, ba wanda zai iya ce maka ga inda ƙarfinsa ya tsaya.

Wani zai ce ai Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran garin, ba Tamale ba ce, zafinmu daga Fabrairu zuwa Afrilu bai cika wuce digiri 32 ko 33 ba. Wannan a waje ke nan. A 2005 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun auna motocin da aka kulle a rana, suka ga zafin ciki yana ƙaruwa da wajen digiri 22 cikin awa ɗaya, kashi 80 cikin 100 na ƙarin kuma a rabin awar farko yake zuwa. Sauke gilashi kaɗan da muke yi bai hana komai ba. Ɗora 22 a kan 33 ka ga inda aka kwana, tun liman bai sauko daga mumbari ba. Wani binciken na 2018 a jihar Arizona ya sami dashbod ɗin motar da ta yi awa ɗaya a rana a wajen digiri 69, na wadda ke inuwa kuma wajen 48. A Satumban 2019, a jihar Missouri, gwangwanin feshin gashi da aka bari a wata ƙaramar Honda ya fashe, ya ɓalle murfin akwatin da ke tsakanin kujeru, ya huda gilashin rufin motar ya fice. Allah ya sa ba kowa a ciki.

To, me za a saya? Mu fara da turare, tunda shi ne ya fi yawa a motocinmu. Iri uku ne a kasuwa. Akwai na gwangwani, mai arha, mai sanyi a jiki, kuma shi ne mai gas. Akwai na kwalba da ake dannawa ya fesa. Wannan ba shi da matsi a ciki, ɗan famfo ne a bakinsa, sai dai yawancinsa sinadarin giya ne mai kama wuta, zafi kuma yana juya masa ƙamshi ya riƙa tsanewa ta murfi. Kuɗinka ne ke tafiya, ko da gilashinka ya tsira. Sai na uku, turaren mai irin na 'yan kwalabe masu ƙwallo a baki, wanda masu turare ke zuba maka a kasuwar Nima da bakin masallatai, miski ne ko oud. Ba gas, ba giya, yana shiga aljihun jallabiya, ɗigo biyu su kai ka har la'asar. Shi ma rana tana rage masa kyau idan ya daɗe a mota, amma iyakar ɓarnarsa ya ɗiga ya ɓata maka takardu. Idan lalle sai turare ya kwana a mota, wannan ne zaɓina. Na gwangwanin a fesa a ɗaki kafin a fito.

Na ƙamshin mota ya fi ba ni tsoro, don shi an ƙera shi ne a fesa a cikin rufaffen wuri. Gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya wajen ƙafafu, kuma kashi 2 kacal cikin 100 na iskar motar ya ishe shi kamawa. A Disamban 2019 a garin Halifax na Ingila, wani direba ya fesa irin wannan da yawa, gilasai a rufe, sannan ya kunna sigari. Gilashin gaba ya fita, ƙofofi suka lanƙwashe, har tagogin shagunan kusa suka fashe. Shi dai da ƙananan raunuka ya tsira. Wanda ya fi duka muni shi ne ƙaramin injin batir da ake sa wa gwangwani a ciki yana fesawa da kansa lokaci-lokaci. Na falo ne da ofis, amma na sha ganinsa manne a motocin haya, yana aikinsa ko mota na kulle a rana.

Madadinsa suna da yawa, kuma duk sun fi shi arha. Katin da ake ratayawa a madubi ba ya fashewa, sai dai ƙamshinsa ba ya daɗewa a zafinmu. Mai kauri irin na roba ko ƙaramin gwangwani da ake turawa ƙarƙashin kujera ya fi shi jimawa, muddin rana ba ta dukansa kai tsaye. Mai ruwa da ake maƙalawa a bakin AC yana da daɗi, amma idan ya ɗiga yana cin robar dashbod ya bar tabo. Direban tasi ko bas ɗin haya na trotro da ke fama da warin kifi da gumin fasinja, wanda yake son abin da zai fesa nan take, ya nemi na gorar roba mai kunama irin ta masu aski, wadda hannu ke matsawa. Ni kam 'yan guntayen gawayi nake ɗaurewa a tsohuwar safa in ajiye ƙarƙashin kujera, suna rage wari, ba su kuma ci mini ko pesewa ba. Turaren wuta da na tsinke a bar su a gida, balle a tasin da ke aiki da gas.

Maganin sauro, fentin feshi, gas ɗin ɗura laita, ƙananan gwangwanayen risho, na wanke kafireto, WD-40, gas ɗin AC: waɗannan ba su da madadi na kirki, kuma ba su da dalilin kwana a mota. A saye su a ƙarshen zagaye, idan an nufi gida, a sauke su tare da cefane.

Na faci kuwa sai an tsaya an auna. Ana sayar da gwangwanin da ake ɗura wa tayar da ta sace, ya toshe ramin ya kuma ɗaga ta. Yana da ban sha'awa ga mai tsoron tsayuwa da dare a hanyar Kumasi ko Aflao, ko matar da ba ta son kokawa da jak. Matsalarsa ita ce kaya ne da ake ajiyewa wata da watanni ana jiran ranar buƙata, watau daidai abin da muke gudu. Sau ɗaya ake amfani da shi, ba ya maganin yagewar gefen taya, mai faci kuma zai yi maka tsaki idan ya buɗe ya tarar da danƙo. Ƙaramin famfon lantarki da ake jonawa a ramin laita ya fi shi tsada a ranar saye, amma ba matsi a cikinsa idan yana ajiye, kuma yana kai ka wurin mai faci sau da yawa idan ƙusa ce kawai. Na ƙafa ma yana yi, ga mai gwiwa. Haɗa ɗayansu da safaya mai iska, ka rabu da gwangwani.

Abu ɗaya ne mai matsi da dole ya zauna a mota, shi ne abin kashe gobara. Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta wajabta shi, 'yan sandan kula da hanya na MTTD kuma suna tambaya a shinge. A nan ne mutane ke sayen na ganin ido. Masu talla a cunkoson Circle da Kaneshie suna miƙo wani siririn gwangwanin kumfa, mara agogo, mai sauƙin kuɗi. Jikinsa irin na turaren feshi ne, kuma idan ka karanta za ka ga shi ma yana da iyakar zafinsa. Ba yadda za ka san ko ya sace sai ranar da ka danna. Na gaskiya shi ne jan tulu mai kauri, mai hoda, kilo 1 ko 2, da harufan ABC a jiki, da agogo a wuya. Iskar naitirojin ce ke tura hodar, ba ta kama wuta, kuma tunda ba ruwa ba ce a ciki, tashin zafi daga digiri 20 zuwa 50 wajen kashi 10 cikin 100 kawai yake ƙara mata, inda butane ke ninkawa har ya wuce. Masu kyau za ka ga an rubuta suna jure har digiri 60. Duba wannan lambar, duba allurar tana kan kore, duba fil ɗin da hatiminsa, duba ranar ƙarewa. Akwai kuma mai iskar CO2, mai baƙin baki kamar kakaki. Ba ya barin datti, amma nauyi gare shi, matsinsa ya haura bar 50 ko a ɗaki, iska kuma tana kwashe shi a fili. Ga ƙaramar mota mai hodar ya fi. A ɗaure shi da marikinsa a ƙasa, gaban kujera ko gefen but, kada a bar shi yana gangare. Shi na farkon wuta ne, idan ta ci ƙarfinsa a ja baya a kira 192 ko 112.

Game da but, ana cewa ya fi sanyi, kuma a mota mai rufaffen but haka ne, tunda ba gilashi a kansa. Amma tasi nawa ne a Accra masu irin wannan? Vitz ne, da Picanto, da i10, da Matiz, waɗanda gilashin baya ke kwance a kan kayan. But ɗinsu da cikin motar duk ɗaki ɗaya ne.

Masu asma su ma su ji: abin shaƙar nan gwangwani ne mai matsi, kuma takardar yawancinsu ta ce a ajiye ƙasa da digiri 30. Wurinsa aljihu ko jakar hannu, ya shiga masallaci da kasuwa tare da mai shi.

Idan ka buɗe mota ka ji warin gas ko ƙamshin ya yi yawa fiye da kima, kada ka tayar, kada ka kunna komai, buɗe ƙofofi duka ka ja gefe iska ta ratsa. Gwangwanin da ya yi zafi ko ya kumbura ba a girgiza shi, ba a danna shi a gwada, a bari ya huce tukuna. Ko wanda ya ƙare ma da sauran gas a ciki, don haka ba a huda shi, ba a jefa shi a bolar da ake ƙonawa. Nawa dai Masta bai mayar mini ba. Ya sa yaron ya tsoma shi a bokitin ruwa a bayan shago, sannan ya aike shi ya ciro sauran biyun da ke aljihun ƙofa.