Da baki ko da yatsu: wanne ya fi wa mai disleksiya?

Wanda ya manyanta kafin ya fara rubuta labari, kuma yana fama da disleksiya, wato wahalar karatu da rubutu, hanyoyi biyu ne a gabansa: ya faɗa wa na'ura ta rubuta, ko ya buga da kansa.

Faɗar labari da baki ta fi dacewa da zubin farko. Disleksiya matsala ce ta haɗa harafi da sautinsa, ba ruwanta da basira, kuma babba ya daɗe da iya tsara zance. Manhajojin rubutu Google Docs da Microsoft Word duk suna rubuta abin da ka furta, sai labari ya zubo ba tsayawa laluben harafi. Illarta, na'ura takan jirkita sunaye, zance kuma ya cika maimaici.

Bugawa da yatsu akwai jinkiri da gajiya, amma tana sa ka auna kowace jimla. Sai dai manhajar gyara takan tsallake kalmar da ta rubutu daidai amma ba a gurbinta ba.

Ni dai na fi son a fara da baki, a gyara da yatsu, sannan na'ura ta karanto maka, kunne ya kama abin da ido ya tsallake.