Kafin Ka Sayi Kayan Fita Ƙauye da Kare Neman Ɓoyayyen Akwati

Wasan da ake kira geocaching ya samo asali ne a Amurka a watan Mayun shekarar 2000, lokacin da gwamnatin ƙasar ta daina dagula siginar GPS (tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam) ga farar hula, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon ya wallafa lambobin GPS na wurin domin a nemo. Har yau tsarin bai canza ba: wani ya ɓoye ƙaramin akwati mai ɗan littafi a ciki, wani ya bi lambobi ya gano shi, ya sa hannu, ya mayar da shi inda ya same shi. Mazaunin Kano da yake son haɗa wannan wasa da fitar da karensa zuwa wajen Minjibir ko bakin madatsar Tiga zai tarar da kayayyaki iri-iri, kuma ra'ayina shi ne ya zuba kuɗinsa a kan abin da zai riƙe karen kafin ya waiwayi na'urar GPS.

Mu fara da igiya, domin a nan ne ake yawan kuskure. Igiyar da take naɗe kanta cikin robar hannu tana da ban sha'awa a shago, amma siririya ce, tana sarƙewa a ƙaya, kuma idan kare ya hangi garken tumaki ya zabura, tana iya yanke wa mai riƙonta yatsa kafin ya danna makullinta. Sarƙar ƙarfe ba ta tsinkewa, sai dai tana da nauyi, tana kuma ɗaukar zafi a rana. Abin da na fi amincewa da shi shi ne igiyar fata ko ta nailan mai faɗi, tsawonta kamar mita biyu, wadda dukawan Kasuwar Kurmi za su iya ɗinka maka daidai ƙarfin karenka, muddin ka duba maƙalin ƙarfen da kyau, domin shi ne yake fara karyewa. Wannan tsawon ya ishe ka janyo shi jikinka idan kun haɗu da makiyaya, ko da mutanen da ba sa son kare ya taɓa tufafin da za su yi salla da su, kuma kiyaye wannan haƙƙi nasu wajibi ne a kanka.

Tsakanin abin wuya da ɗamarar ƙirji kuwa, ɗamarar ta fi dacewa da doguwar tafiya, saboda tana raba nauyin ja a ƙirji da kafaɗu maimakon ta shaƙe maƙogwaro, alhali kare da haki yake sanyaya jikinsa. A zaɓi wadda ba ta da gashi-gashi ko soso mai kauri, domin bayan damina ƙarangiya za ta cika ta har ta ji masa ciwo a hammata.

Batun na'ura bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Na'urar hannu irin Garmin eTrex tana aiki da batirin AA guda biyu, tana jure ƙura da ruwa, ana kuma ganin fuskarta a tsakar rana, amma tsadarta ba ta da hujja ga wanda yake fita sau biyu a wata. Wayar Android da kake da ita tana karɓar siginar tauraron ɗan'adam ko babu sabis, in dai ka sauke taswirar yankin tun kana gida. Abin da take buƙata shi ne fawabank mai kyau, wanda za ka samu a kasuwar waya ta Farm Centre, amma ka gwada shi kafin ka biya.

Ruwa ba abin tsumulmula ba ne. A watan Maris da Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, saboda haka a ɗauki gora biyu da ƙaramin kwanon roba na karen shi kaɗai, a fita da asuba, a dawo kafin hantsi ya yi nisa. Allurar rigakafin ciwon haukan kare da maganin kaska daga likitan dabbobi su ma suna cikin lissafin kuɗin, tun da kaska tana da yawa a duk inda shanu suke kiwo.

Idan kai da abokanka ne za ku ɓoye naku akwatin ku raba lambobin ta WhatsApp, ku sayi roba mai murfin da yake kamawa gam, domin gwangwani yana tsatsa a damina ɗaya. Kada a sa abinci a ciki, kada a binne shi a ƙasa, kuma a sanar da mai gonar da mai unguwa tukuna, domin baƙon da aka gani yana leƙa kogon kuka da waya a hannu zai sha tambayoyi.