Lihafin Gashin Agwagwa Ko Na Foliyesta: Wanne Ya Dace Da Garinku?

Wanda ya taɓa fitowa sallar asuba a Madina ko Riyad cikin Janairu ya san sanyin Saudiyya ba na wasa ba ne. Yakan sauko ƙasa da digiri 10, a Tabuka ma har ƙanƙara ke rufe dutsen Lauz. Mutanen Jidda da Makka kuwa, sanyin da suka fi sani na na'urar ɗaki ne. Saboda haka kafin ka tambayi farashin lihafi, wato bargo mai kauri da ake cusa wa gashin tsuntsu ko zaren roba na foliyesta a ciki, fara duba garin da kake.

Mai shago zai ce maka lihafin na "rish" ne, wato gashin tsuntsu. Kada ka tsaya nan, domin gashin iri biyu ne. Akwai na fiffike da baya, mai tsinke a tsakiya, ga nauyi ga araha. Akwai kuma lallausan nan na ƙirjin agwagwa ko dinya, wanda Larabawa ke kira "zagab". Ba shi da tsinke, shi ke riƙe iska ya ɗumama jiki ba tare da ya danne mutum ba. Takardar da ke ɗinke a gefe takan faɗi kason kowanne. Mai kashi 90 na lallausan da mai kashi 10 duk "rish" ake ce musu, alhali tazararsu kamar ta Kano da Makka ce. Ni na taɓa ɗaukar mai arahar, ban yi wata guda ba tsinke ya fara huda kyallen yana sukata cikin dare. Tun daga nan nake matsa lihafi da hannu in ji, in kuma shinshina, don gashin da bai wanku ba ƙarni yake yi. Kyallen ya zama auduga mai matsattsiyar saƙa, ɗinkin kuma gida-gida, kada gashin ya taru gefe ɗaya.

In ka ga lambar tog, ma'aunin ɗumi ce: 4.5 ya wadatar a ɗaki mai na'ura, 10.5 zuwa 13.5 na hunturun Riyad, Ɗa'ifa da Abha ne.

Ga 'yan'uwanmu na Jidda, shawarata foliyesta. Laimar teku ba ta shiri da gashi, in ya jiƙe bai bushe sarai ba sai wari da fumfuna. Foliyesta kuwa a jefa a inji a shanya, shi ya sa ya fi dacewa da ɗakin yara, sai dai yana saurin kwantawa.

Shimfiɗar gashi da ake ɗorawa kan katifa tana da daɗin kwanciya, amma tana tara zafi, kuma sai an riƙa kaɗe ta kullum. Katifar da ta riga ta lotsa ba za ta gyaru da ita ba. In don Hajiya mai ciwon baya za a saya, a haɗa kuɗin a canza mata katifar.