Sikelin dijital ko mai allura?

Hajiya, don awon kayan kek ɗin da kika tambaya, ki ɗauki na dijital kawai.

Abu biyu ake nema a sikeli, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya. Na farko, in kin ɗora abu ɗaya sau biyar, ya ba ki lamba ɗaya. Na biyu, lambar ta zama gaskiya. Sikeli yana iya cika na farko ya kasa na biyu: kullum ya ce giram 950, alhali kilo ɗaya cif kika ɗora masa.

Nawa na dijital kilo 5 yake ɗauka, yana hawa giram ɗaya-ɗaya. Abin da ya sa nake ji da shi maɓallin sifili ne. In ɗora roba in danna, nauyinta ya fita daga lissafi, in zuba yis giram 7 ya nuna 7. Lokacin da ƙanwata ta karɓi aikin kek na biki, da shi muka raba kwaɓin a gwangwanaye, duk suka tashi kai ɗaya, har uwar amarya ta tambayi wane gidan burodi ya yi. Sai dai yana son tebur a miƙe, nesa da fanka, kuma in batir ya yi sanyi lambobin kan fara rawa.

Mai allura kuwa ba ya cin batir, iyakar yabonsa ke nan. Tsakanin layi da layi giram 20 ne ko ma 50, sipirin yana saki da tsufa, in kin kalle shi ta gefe kuma ki karanta wani abu daban.

Ki yi hattara da wasu masu shago. Zai ɗora wayarsa sau uku, lamba ɗaya ta fito, ya ce kin gani, daidai yake. Sharaɗin farko kaɗai ya nuna miki. Kada kuma yawan lambobi bayan ɗigo ya ruɗe ki. Ki je da abin gwajinki: ruwa lita ɗaya nauyinsa kilo ɗaya ne, da ragin giram kamar 3 a zafinmu. Ki ɗora gora babu komai, ki danna sifili, ki zuba lita ɗaya da kofin awo mai kyau, sannan ki matsar da gorar kowace kusurwa ta farantin. In lambar tana sauyawa, ko ya hana ki gwadawa, ki wuce shago na gaba.