Blue Moses ko The Spirits of Our Ancestors? Ɗauki na biyun

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka saya cikin faya-fayan nan biyu na Randy Weston, Ba'amurke makaɗin fiyano na jazz: Blue Moses ko The Spirits of Our Ancestors. Sayi The Spirits of Our Ancestors. Duka ina da su, amma ɗaya ne ke kwana a mota.

Blue Moses na 1972 shi ya fi shiga kasuwa, ga manyan makaɗa Freddie Hubbard da Ron Carter a ciki. Sai dai an ɗora Weston kan fiyanon lantarki, aka lafta masa ƙahonni har kiɗan ya yi santsi, shi kansa bai ɓoye cewa abin bai kwanta masa ba. Na ji sau uku na ajiye.

Shi kuwa ɗayan, a 1991 aka naɗe shi a New York, Weston na da shekara 65, bayan ya daɗe da shan zaman Maroko, inda ya buɗe gidan kiɗa a Tanja ya cuɗanya da makaɗan Gnawa, wato Baƙar fatan Maroko masu kiɗan iskoki. Melba Liston ce ta tsara kiɗan, alhali shanyewar ɓarin jiki ta same ta tun 1985. Shahararren mabushi Dizzy Gillespie ya busa a taken African Sunrise, bai cika shekara biyu ba ya rasu. Ga kuma mabushi Pharoah Sanders.

Abin da ya sa na riƙe shi daban ne. Wata Juma'a na ɗauko kawuna daga Katsina za mu Daura gaisuwa, mutumin da ko rediyo ba ya so a kunna sai lokacin labarai. Mun wuce Mashi kenan taken Blue Moses ya shigo, don shi ma yana cikin wannan faifan, amma da gimbiri mai tsirkiya uku da waƙar Gnawa ta Sidi Musa. Kawu ya ajiye carbi a cinya ya ce, “Kai, wannan ai garaya ce. 'Yan borin ina ne?” Na ce na Maroko, da Baƙar fatan Amurka. Ya yi shiru, can ya ce in maido shi farko. Har muka shiga Daura yana buga yatsa a jikin ƙofa. Ba mamaki, kakannin Gnawa daga nan kudancin Sahara aka kwashe su, har ƙarafan da suke kaɗawa kamar sambaninmu suke.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula: faifai biyu ne a kwali ɗaya. Akwai masu sayarwa a intanet da za su turo maka guda su ce shi ke nan, ko su gasa maka kwafi su manna hoto su kira shi orijina. Ka ce a ɗauko maka hoton bayan kwalin da faifan duka biyu kafin ka tura ko sisi. Masu tura waƙa a memori kuwa, sa abin kunne ka ji a gabansu, don in an matse sautin, ingancinsa kan ragu, ga shi a ƙasan fiyanon Weston daɗin yake.